Dawakin Paris da duwatsun Shinuwa

Kawuna ya fi shekara ashirin yana bin dawakin da bai taɓa gani da idonsa ba. Kullum da hantsi zai fito daga unguwar Birni a Damagaram, ya sayi takardar tsere a rumfar masu PMU, wato masu shirya cacar tseren dawaki, ya zauna gindin dogon yaro da biro a kunne. Ya san dokin da ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa a filin tsere na Longchamp da ke Paris, ya san mahayin da ya saba faɗuwa a filin Auteuil. Shi kuwa bai taɓa wuce Yamai ba. In ka ce masa caca yake yi sai ransa ya ɓaci: "Kai yaro, wannan lissafi ne."

Na daɗe ina yi wa maganar dariya kafin na gane cewa ita ma gado ce daga Faransa. Bafaranshe yana son ya sa wa caca rigar ilimi. A 1654 masana biyu, Pascal da Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama, kuma daga nan ilimin lissafin yiwuwa ya samo tushe. Sannan gwamnatinsu ba ta bar abin a lungu ba, ta rungume shi ta mai da shi hanyar samun kuɗi. An kafa PMU a 1930. A 1933 aka buɗe lotarin ƙasa don tallafa wa tsofaffin sojojin yaƙin duniya na farko, kuma wani mai aski daga garin Tarascon ne ya fara cin babbar kyautar, faran miliyan 5. Tiyarsen da Kawu ke mutuwar so, wato ka faɗi dawaki uku na farko, André Carrus ne ya ƙirƙiro shi a 1954.

Shinuwa kuwa, wato mutanen ƙasar Sin, na san su ne lokacin da ake gina matatar mai da ke kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011. Ina tuƙa motar da ke kai musu kayan miya daga kasuwar Dole. Wani dare da na kwana can na ji ƙwas-ƙwas kamar ana zuba tsakuwa a tire. Ashe majan suke bugawa: mutum huɗu a tebur, da ƙananan duwatsu 144 masu zane. Suna ihu, suna dariya, 'yan kuɗi ƙalilan na zagayawa. Tafintansu ya ce mini a gida haka ake yi a bikin sabuwar shekara, har da kakanni a tebur.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ƙasarsu caca haramun ce a doka tun da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949. Lotari biyu na gwamnati kawai aka yarda da su, na jin ƙai daga 1987 da na wasanni daga 1994. Amma ga birnin Makawo, da Fotigal ta mayar musu a 1999, an bar ta da gidajen cacarta, har kuɗin da take samu ya zarce na babban layin gidajen caca na Las Vegas da ke Amurka a 2006. Kuma wasan da suka fi bugawa can shi ne bakara, karta da ta yi tashe a fadojin Faransa.

Su Shinuwa ba ruwansu da fakewa da lissafi. Sa'a suke nema ido rufe, kamar masu cewa sa'a ta fi sammako. Lamba 8 abar so ce don sunanta ya yi kama da kalmar arziki, 4 kuma abar gudu don ta yi kama da mutuwa. Ba banza ba aka buɗe gasar Olimfik ta Beijing ran 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Har faɗan gyare suke haɗawa su sa kuɗi, tun ɗaruruwan shekaru. Gyare fa!

Ni dai ban taɓa sa dala ba, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ishe ni. Amma in za a tambaye ni wanne ya fi cin mutum, zan ce namu na gado. Mai majan yana kallon wanda ya cinye shi, gobe ma yana iya ramawa. Kawu shi kaɗai yake zama da takarda, kuɗinsa na tafiya inda bai sani ba, ga kuma dawakin Sarkin Damagaram na wuce shi ranar hawan salla ko kai ba ya ɗagawa.

Ran da na ba shi labarin lamba 8 sai ya yi tsaki. "Camfi ke nan, ɗana. Mutane da iliminsu!" Washegari na leƙa tikitinsa, na ga 8 a sahun farko. Dokin ya zo na goma sha ɗaya, Kawu ya ce laifin mahayi ne.