Lambobi shida kacal

Jiya bayan la'asar wani ya kira Baba, da sallamarsa da ladabinsa har da tambayar ya jikin ƙafa, wai daga guruf ɗin 'yan fansho ne ana tantance sunaye, ya ce Baba ya karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarsa ta tes. Bawan Allah ya ɗauko tabarau ya karanto tsaf, har ya maimaita don kar mutumin ya yi kuskure!

Ashe lambobin shiga WhatsApp ɗinsa ne, kafin magariba ya koma hannun ɓarawo, ana ta bin dangi da saƙon "a taimaka min da dubu ashirin zuwa gobe". Gwaggo ce ta gano, ta ce Yaya bai taɓa rubutu ba, sai dai murya.

Da kyar muka dawo da shi, na sa masa fin na mataki biyu, wato lambar sirri ta ƙarin tsaro, na ce Baba don Allah ko BVN ko lambar katin ATM ko wani kod, kowa ya tambaya a kashe waya a kira ni. Abin da ya fi damuna shirun da ya yi, kunya yake ji, ko tuwon dare bai taɓa ba.