Garuruwan da suka zo mini ta gidan waya

Katunan farko da suka shigo hannuna ba ni aka aiko wa ba. Na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970. Duk sa'ad da hutu ya kai shi wani gari, sai ya sayi kati mai hoto, ya yi layi uku ko huɗu a bayansa, ya manna kan sarki, ya jefo wa kakarmu a Tudun Wada. Ita ba ta karanta boko, sai dai a karanta mata, amma ta adana su a fanteka ɗaya da turarukanta. Har yau in ka kai su hanci za ka ji. Bayan rasuwarta aka ce wa ke so, na ce ni.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙasar da ta buga su babu ita. A jikin kan sarkin an rubuta CCCP, ƙasar da ta wargaje a 1991. Ɗaya katin na Leningirad ne, birnin da a wannan shekarar ya koma sunansa na da, San Fitasbag. Wani kuma na Samarkand, wanda a yau ke cikin Uzbekistan: filin Rejistan da makarantunsa uku masu shuɗin ado, mafi tsufa cikinsu Ulugh Beg ne ya gina ta tsakanin 1417 da 1420. A bayansa kawu ya rubuta, "Inna, kusa da garin nan kabarin Imamu Buhari yake. Na yi miki addu'a." An ce wannan katin ta fi sa a maimaita mata.

Daga nan na shiga nema. Zama a Zariya ya taimake ni, don gari ne na matafiya. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ba a rasa malamin da zai tafi taro ko ƙarin karatu wata ƙasa, ga alhazai, ga 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Cana. Duk wanda na ji zai fita sai na bi shi da roƙo guda, kuma da sharaɗi: kada ya riƙo mini katin a jaka, ya jefa shi a gidan wayar can. Wasu suna ganin wahalar banza na ɗora musu. Wata yayata da za ta Masar ta ce, "Haba ƙanena, ba ga shi zan riga katin dawowa ba?" Ta kuwa riga shi. Amma katin da aka riƙo a hannu hoto ne kawai, ana iya sayen irinsa ko'ina. Wanda ya biyo ta gidan waya yana ɗauke da kan sarkin ƙasar, da hatimi mai sunan gari da kwanan wata, da lanƙwasa a kusurwa, wani lokacin har da shatar ruwan da ya taɓa shi a hanya. Su ne shaidar cewa takardar nan ta yi tafiyar da ƙafarta.

Daga baya na shiga Postcrossing, tsarin musayar katuna da wani ɗan Fotugal, Paulo Magalhães, ya fara a 2005. Ana ba ka adireshin mutumin da ba ka sani ba da wata lamba da za ka rubuta a jikin katin. In ya isa, mai karɓa ya shigar da lambar, kai ma sai a ba wani baƙon adireshinka. Jamusawa sun fi kowa aikawa, don haka duk wanda ya shiga ya shirya ganin majami'u da fadojin Jamus. Na kama hayar akwati a gidan waya saboda adireshin cikin unguwa, irin na "bayan masallaci, kusa da mai injin niƙa", ba ya shiga kan Bature. Sai kuma haƙuri. Kati yakan yi makonni, yakan yi watanni, wani kuma ya tafi ke nan, ba ka san a wace ƙasa ya maƙale ba.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, muna sallah a masallaci ɗaya, shi ya warware mini abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Na tambaye shi, "Baba, yaya kan sarkin da na saya da naira zai sa ma'aikaci a Japan ya ɗauki katina ya kai har ƙofar gida, alhali ban biya shi ko kwabo ba?" Ya ce yarjejeniya ce tsohuwa. A 1874 ƙasashe suka haɗu a birnin Ban na Suwizalan suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, aka amince cewa kuɗin da mai aikawa ya biya a ƙasarsa ya wadatar, kowace ƙasa ta isar da saƙon 'yar'uwarta. Shi kansa katin bai girmi yarjejeniyar da yawa ba: a ranar 1 ga Oktoba 1869 aka fara sayar da shi a daular Ostiriya da Hangari, kuma na farkon ba su da hoto, adireshi a gefe ɗaya, saƙo a ɗayan. Ko da hoto ya shigo, an daɗe bayan katin na adireshi ne kaɗai, sai a 1902 Ingila ta yarda a raba shi biyu da layi. Ina da wani tsoho da na samu ta musaya, mai aikawar ya matsa rubutunsa a ɗan farin gefen da ke ƙarƙashin hoton, ƙananan haruffa har suna hawa kan juna.

Karanta kan sarki ma ilimi ne mai zaman kansa. Na Suwizalan Helvetia ake rubutawa, na Finlan Suomi, na Japan Nippon. Na Ingila ba sa ɗauke da sunan ƙasa sam, kan mai mulki kawai, tun na farko da suka fitar a 1840. Yaran gidanmu sun mai da wannan wasa: in sabon kati ya zo sai su rufe hoton da tafin hannu, su yi gardamar daga ina yake.

Da katunan suka fara yawa na lura da wani abu. Kowane gari yana da fuskar da ya zaɓa ya nuna, kuma ita yake ta maimaitawa. Faris ba ta gajiya da hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a 1889. Indiya ta aiko Taj Mahal, kushewar da Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz a Agra. Japan ta aiko dutsen Fuji da farar ƙanƙara a kansa. Ba na raina su, amma bayan na uku irinsu zuciya takan nemi wani abu dabam. Na fi son katin da ya nuna tashar jirgin ƙasa a ƙauye, ko kasuwar kifi, ko abincin safe. Kuma na fi son bayan katin a kan gabansa. Wata mata daga arewacin Finlan ta rubuta cewa a watan da muke kuka da ƙurar hunturu, su da kyar rana ke leƙowa, da fitila suke zuwa aiki da fitila suke dawowa. Hoton da ke gaban katin nata na manta shi, amma wannan layin ya zauna.

Akwai dai hotunan da suka tsayar da ni. Na masallacin Kurɗuba a Andalus yana ciki, ginshiƙai jere ba iyaka da bakuna ja da fari, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara a ƙarni na 8, aka mai da shi majami'a a 1236. Amma wanda ya sauya mini tafiyar gaba ɗaya na Djenne ne a Mali. Masallaci ne na ƙasa zalla, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, an kafa sandunan itace a jikin bangonsa don a samu matakala. Kowace shekara mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwata su yaɓe shi: samari na ɗaukar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kwanduna, mata na kawo ruwa, magina na sama. Na daɗe ina kallonsa. Ginin ƙasa, irin wanda mu nan muke rushewa mu sa bulo, shi mutanen nan suka ɗora a kati suna aika wa duniya da alfahari. Na Agadas ya zo daga baya ya ƙara mini, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, a garin da ake jin Hausa kamar nan.

To mu me muke aikawa? Musaya ai ba ta yiwuwa sai kai ma ka ba da. Na zaga shagunan littattafai na Sabon Gari da Samaru ina tambaya. Wasu suka miƙo mini katin ɗaurin aure, wasu na barka da sallah. Ɗan abin da na samu tsofaffin kaya ne da rana ta kashe wa launi: Dutsen Zuma, gadojin Legas, mahaya dawaki ba sunan gari. Na Zariya ko ɗaya ban gani ba. Abin ya yi mini ciwo, don a cikin birnin nan akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara, bakan gizo a kan bakan gizo, aikin da masana gine-gine ke zuwa gani daga nesa. An lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti, mai wucewa ta waje ba zai san abin da ke ciki ba. A Jos an yi kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya. Ɗalibaina da yawa haifaffun birni ne, sun yi sallah a wurin, amma ba su taɓa ɗaga kai sun kalli rufin ba.

Ba wai ba a taɓa yin katunan ƙasashenmu ba. Turawa sun yi su da yawa a farkon ƙarni na 20. Wani Bafaranshe mai hoto da ke zaune a Dakar, Edmond Fortier, ya buga dubbai na Afirka ta Yamma, kuma ta hotunansa ne ake ganin kangon tsohon masallacin Djenne kafin a sake gina shi. Don haka suna da amfani, ba na musu. Amma in ka duba katunan wancan zamani na mutane, sai ranka ya ɓaci. Za ka ga dattijo da rawaninsa, ko yarinya da tallarta, a ƙasa an rubuta sunan ƙabila kawai. Ba suna, ba gari, ba alamar an tambaye su. Wasu matan ma an ɗauke su a yanayin da ba uwar da za ta yarda a ga 'yarta. Irin waɗannan ba na saye, ba na karɓa a musaya.

Sai na yanke shawarar buga nawa. Na haɗa kai da wani yaro mai hoto a unguwar Kongo ta nan Zariya. Muka fita da sassafe bayan damina ta ɗauke, lokacin da sama ke wasai kafin hazo ya sauko, muka ɗauki dutsen Kufena, da Ƙofar Doka, da ƙofar fada da zanenta masu launi, da ragowar ganuwa. Na cikin masallacin sai da muka nemi izini, muka jira aka watse daga sallah. Wani dattijo da ke wurin ya riƙe hannuna ya kai ni gindin wani ginshiƙi, ya ce, "Malam, daga nan za ku ɗauka, nan ne bakunan suke haɗuwa." Gaskiyarsa, hoton da muka ɗauka daga nan shi ya fi kowanne.

Bugawa na da nata sharuɗɗan. Girman kati kamar santimita 10 ne da 15. Takardar ta zama kwali mai kauri, in ba haka ba injin tantance wasiƙu na can ƙasashen zai yage ta. Gaba a sa masa sheƙi, amma baya a bar shi garau, don biro ba ya kama takarda mai santsi, hatimi ma gogewa yake. A bayan kowanne na sa sunan wurin da Hausa da Turanci, da sunan wanda ya gina in an sani, da shekara. Na masallacin shi ya fi jawo amsa. Wani mai zanen gine-gine daga Italiya ya aiko da kati na biyu musamman don ya tambayi mece ce azara, na bayyana masa itacen giginya ne da gara ba ta cika ci ba.

Garar kuwa takarda ba ta da wannan kariya daga gare ta. Wanda zai tara katuna a ƙasarmu abokan gabansa uku ne: gara, danshin damina, da ƙurar hunturu. Nawa suna cikin akwatin ƙarfe, a tsaye ba a kwance ba, a kan kanta nesa da bango da ƙasa, da farar takarda tsakanin tsofaffin. Kada a sa musu gam ko salatif, kada a ɗaure su da roba, don zafin bazara na narkar da ita ta manne a hoton. Wanda ka rataya a bango kuma ka sallama launinsa. Na jera su ƙasa-ƙasa, amma na ƙasashen da suka sauya suna ko suka gushe, Sobiyet da Yugoslabiya da Zayar, na ware musu wuri nasu.

Yanzu abin da ke gabana katin masu ɗinkin hannu ne, waɗanda ke zama a zaurukan cikin birni suna yi wa manyan riguna aska takwas da aska biyu. Na yi magana da biyu daga cikinsu. Ɗaya ya yarda a ɗauki hannuwansa da allurar kawai, ban da fuska. Ɗayan ya ce a ɗauke shi gaba ɗaya, amma a rubuta sunansa da na unguwarsu a bayan katin, a kuma kawo masa guda goma ya raba wa 'ya'yansa. Mun sa rana bayan sallah.