Kafin ka buga sitika: suna da tambari ga masu yaji, kilishi da kunun aya

Mafi yawan kayan abincin da ake haɗawa a gida don sayarwa, irin su yaji, kilishi, dambun nama, zoɓo da kunun aya, ba rashin daɗi ne ke hana su gaba ba. Matsalar ita ce wanda ya ci ya yaba ba shi da hanyar sake samun wannan kayan takamaimai. An kawo masa a farar leda, ya cinye, ledar ta tafi bola. Gobe in ya yi marmari sai ya ce a sayo masa yaji, kuma duk wanda aka tarar a shago shi za a kawo. Kai ka sha wahalar daka, wani ya kwashi cinikin. Amfanin suna da tambari ke nan: su sa a dawo wurinka, a kuma iya kwatanta kayanka ga wani ba tare da kana wurin ba.

A garuruwanmu sau da yawa mai cin kayan ba shi ke zuwa shago ba. Uwar gida ce za ta aiki yaro, yaron kuma wataƙila bai iya karatun boko ba tukuna. Shi ya sa ake cewa a sayo magi mai tauraro ko sabulu mai agwagwa. Hoton da ke jikin kayan shi ya zama sunansa a bakin mutane, ko kamfanin ya so ko bai so ba. Don haka kafin ka biya mai zane ko sisi, ka yi wannan gwajin: ka faɗa wa yaro ɗan shekara bakwai sunan da ka zaɓa sau ɗaya, ka bar shi ya yi wasa na minti goma, sannan ka tambaye shi. In ya manta ko ya karkatar da shi, sunan bai yi ba. Haka tambarin: ka ajiye robarka cikin wasu guda biyar a kan kanta, ka ja baya taku huɗu. Idan ba za a iya cewa “mai kaza” a nuna taka ba, zanen ya cika tarkace. Abu ɗaya babba, kala biyu, sun wadatar. Rakumi, tulu, fitila, ƙwarya, duk abin da yake da suna a bakin kowa.

Suna ya zama gajere, gaɓa biyu zuwa huɗu. Ka guji Alheri, Albarka, Nasara da Rahama. Kalmomi ne masu kyau, amma a titi ɗaya za ka same su a kan gidan burodi, shagon magani da bayan Keke Napep, ba za su bambanta ka da kowa ba. Ka guji kuma sunan da bayanin kaya ne kawai, kamar “Yaji Mai Daɗi” ko “Kilishin Kano”, domin ofishin rajistar tambari ba ya mallaka wa mutum ɗaya kalmar da kowane mai sana’ar yake da haƙƙin amfani da ita. Sunan Allah ko ayar Alƙur’ani kada su hau leda ko roba. Ka san inda take ƙarewa bayan an cinye, kuma akwai masu saye da za su ƙi kayan saboda wannan kaɗai. Sai batun haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Instagram ba ya karɓarsu a sunan shafi, don haka ka duba yadda sunan zai koma in an cire lanƙwasar. Wani sunan yana komawa wata kalma dabam da ba za ka so ba.

Daɗin yau ya zama daɗin gobe

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma ba laifin mai zane ba ne. Tambari alkawari ne cewa abin da ke cikin robar nan daidai yake da wanda aka saya wancan watan. Wanda yake auna kayan haɗi da ido ko da tafin hannu ba zai iya cika wannan alkawari ba. Ka sayi ƙaramin sikeli mai nuna giram, ka rubuta haɗinka da nauyi: barkono giram kaza, citta kaza, kanumfari, masoro, kimba, gishiri da ƙuli-ƙuli kowanne da nasa. Gwangwani da mudu suna yaudara, domin mudun barkonon da ya bushe ƙayau bai kai nauyin wanda ya sha raɓa ba. Barkonon ma kansa zafinsa yana canzawa daga buhu zuwa buhu, saboda haka ka riƙe dila ɗaya in da hali, kuma duk sabon buhu ka daka kaɗan ka ɗanɗana shi gefe da gefe da ragowar tsohon haɗi kafin ka zuba duka.

Kowane haɗi ka ba shi lamba, ka rubuta a littafi tare da ranar da aka yi shi da inda aka sayo kayan, sannan ka ajiye roba ɗaya a gefe. Ranar da wani ya kira ya ce yajin ya yi ɗaci ko ya dunƙule, lambar ce za ta nuna maka ko haɗin ne gaba ɗaya ya samu matsala ko ajiyarsa ce.

Idan kaya sun yi tsada, jarabawar ita ce a ƙara ƙuli-ƙuli a yaji ko a ƙara ruwa a kunun aya don farashi ya tsaya. Gara ka ƙara kuɗi ko ka fito da ƙaramar roba. Mai saye zai yi ƙorafin farashi ya saya. Wanda ya ji ɗanɗano ya canza ba zai yi ƙorafi ba, daina zuwa zai yi.

Mazubi da sitika

Kilishi da dambun nama kada a rufe su da ɗumi. Tururin zai koma ruwa a cikin ledar, bayan ’yan kwanaki fumfuna ta fito, kuma da sunanka a jiki. A bari su huce sarai, a sa a leda mai kauri, a liƙe bakin da injin liƙi. Mai yana ratsa sitikar takarda ya dusashe rubutun, don haka a manna ta a waje, ba a cusa ta ciki ba. Zoɓo da kunun aya nasu ciwon dabam ne: robar da ta fito daga firji tana gumi, sitikar takarda ta jiƙe ta saɓule a hannun mai sha. Ka nemi sitikar roba wadda ba ta jin ruwa, ka manna tun robar tana bushe, kafin a zuba. Tsofaffin robobin ruwa da aka tsinto kuwa, duk wankin da aka yi musu, sun riga sun gaya wa mai saye matsayin kayanka. Sabuwar roba mai murfin da zobensa yake karyewa in an buɗe ita ce daidai. Araha ba ta ado.

Wurin mai zane, kada ka karɓi hoto kawai. Ka karɓi ainihin fayil ɗin, na CorelDraw ko PDF, wanda za a iya faɗaɗa shi daga sitika zuwa allon shago bai farfashe ba. Ka ce masa ya daidaita kalolin a tsarin CMYK na injin ɗab’i, domin jan da kake gani yana ƙyalli a waya yakan fito kamar jar ƙasa a takarda. Ya mayar da rubutun ya zama zane kafin ya tura, in ba haka ba kwamfutar maɗaba’a da ba ta da irin haruffansa za ta mayar da ƙ da ɗ ƙananan akwatuna. Ya bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, don in an tura a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa kaifi. Ka sa a buga guda ɗaya tukuna, ka manna a robar gaske, ka sa ta a firji ta kwana. Bugun farko kada ya wuce ’yan ɗaruruwa, ko da an ce maka dubu goma ta fi sauƙi. Kusan kullum sai an ga abin gyara. Farashi kada ya shiga zanen, kwanan wata da lambar haɗi kuma a bar musu fili a riƙa buga hatimi.

Abin da NAFDAC take nema a jikin kayan abinci sananne ne: sunan kaya, jerin kayan haɗi, nauyi ko yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, lambar haɗi, ranar yi da ranar ƙarewa, yadda za a ajiye, da lambar rajista. Dole a rubuta da Turanci, amma ba a hana ƙara Hausa ba. Tunda yaji da kilishi suna da gyaɗa, ka bayyana ta, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Rubuta cewa zoɓonka yana maganin hawan jini, ko ɗauko lambar wani ka manna, hanya ce ta jawo a kwashe kayanka.

Rajista iri biyu ce

Da yawa suna ɗauka takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ta mallaka musu suna. Ba haka ba ne. Ita tana ba ka damar yin kasuwanci da sunan da buɗe asusun banki da shi, wanda yake da muhimmanci, domin mai saye yana ɗar-ɗar in sunan shafi dabam, sunan asusu dabam, kuma ta wannan ɓarakar ’yan damfara masu kwaikwayon shafuka suke shiga. Amma mallakar suna da tambari a jikin kaya, sai a ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin Ma’aikatar Masana’antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka, a shigar da buƙata, a buga a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai ƙalubalanta. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14 kowane zagaye. NAFDAC ma tana tambayar shaidar wannan rajistar, saboda haka da ita za ka fara.

Rajistar aji-aji ce, aji 45 ne duka. Nama irin su kilishi aji na 29, yaji da gari na 30, abin sha marar barasa na 32. Wanda ya yi rajistar yajinsa a aji na 30 bai tsare sunan a kan zoɓo ba. Kuma takardar Najeriya a iyaka take tsayawa. Mai kai kaya Maraɗi, Garwa ko Njamena sai ya nemi ta hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a wurinta take aiki a ƙasashe 17, har da Nijar, Kamaru da Chadi, na tsawon shekara 10. Ka lura cewa Nijar ta riga ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali, wato mai tsare sunan wurin da kaya suka fito, a wannan hukumar, don haka kilishin da aka yi a wannan gefen iyakar bai kamata ya shiga kasuwannin can da sunan na Nijar ba.