Abin da aikin microglia ya koya mini a Jidda

Microglia wasu ƙwayoyin halitta ne, su ne dakarun tsaron ƙwaƙwalwa. Masanin ƙasar Sifaniya, Pío del Río Hortega, ya bayyana su tun 1919. Suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna far wa baƙo. Amma in suka harzuƙa suka ƙi sauka, sinadaran da suke fesawa kan lalata rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyi, kamar yadda ake gani a cutar multiple sclerosis.

A ɗakin gwajin da nake karatun digiri na biyu a Jidda, tsokanarsu muke yi da gangan. Mu zuba su a faranti mai ramuka 96, mu ɗiga musu LPS, wani sinadari daga jikin bakteriya, sannan mu sa thymoquinone, wanda ake samu a man habbatus sauda. Washegari sai awon nitric oxide, sinadarin da suke fitarwa in sun harzuƙa. Ramin da fushi ya yi yawa ruwansa kan rine ya yi ja-ja, wanda magani ya kama kuwa sai ya dishe. Daɗin kallo gare shi, wallahi.

Malamarmu ba ta bari a yi murna da wuri. Takan ce matacciyar ƙwaya ma ba ta fitar da komai. Don haka sai an yi gwajin MTT a tabbatar suna da rai, tunda in maganin ya yi yawa kashe su yake yi.

Kawuna da ke sayar wa alhazai man habbatus sauda a Makka ya so in rubuta masa cewa an tabbatar yana warkar da ciwon ƙwaƙwalwa. Na ce, “Kawu, a yi haƙuri, a faranti muka gani, ba a jikin mutum ba.” Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shingen da ba kowane magani ke tsallakewa ba. Wani magani mai suna NXY-059 ya yi abin a zo a gani a jikin dabbobi, amma da aka gwada shi kan dubban masu shanyewar ɓarin jiki, bai tsinana komai ba.

Ni yanzu hankalina ya fi karkata ga irin dimethyl fumarate, maganin multiple sclerosis da Amurka ta amince da shi a 2013. Shi furotin ɗin Nrf2 yake tayarwa, ƙwayar halitta ta haɗa garkuwarta da kanta. Ko shi ɗin ma sai ana duba jinin mai shan sa a kai a kai, don yana rage fararen ƙwayoyin jini.