Abin da Takardar Gwaji Ta Koya Mini Game da Harsashin Farautar Talo-talo

A watan Maris na shekarar da na fara aiki a wani kantin kayan farauta da kamun kifi a tsakiyar jihar Missouri ta Amurka, aka ɗauke ni daga sashen takalma aka tsayar da ni a bayan kantar harsasai, domin lokacin farautar talo-talon daji ya gabato, masu saye kuma sun fi ƙarfin mutum biyun da ke wurin. Iyakar sanina da talo-talo a wancan lokaci shi ne wanda ake kiwo a gidajen masu hali a garinmu, mai kumbura yana jan fiffike a ƙasa yana bin yara da gudu. Iyakar sanina da bindigar farauta kuwa ita ce ta toka, wadda mafarauta ke ɗura wa albarushi da gutsattsarin ƙarfe gwargwadon abin da hannu ya ɗebo. Tambayar da ta fi yawa a kantar ita ce wane girman harsashi ya dace da talo-talo, ni kuma na yi wa kaina amsa tun kafin in fahimci tambayar: tsuntsu ne babba, wanda namijinsa kan kai kilo 9 ko 10, saboda haka a ba shi babban harsashi.

Kalmar girma a wannan sana'a abu uku take nufi, kuma na yi makonni ina cakuɗa su. Akwai geji, wato faɗin bututun bindiga, wanda lissafinsa tsoho ne: idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula kowane kaso, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun geji 12, don haka geji 20 ya fi geji 12 ƙanƙanta. Akwai tsawon kwanson harsashi, inci 2¾ ko 3 ko 3½, kuma wajibi ne ya dace da abin da aka rubuta a jikin bututun, domin ana auna tsawon ne bayan kwanson ya buɗe, ta yadda mai tsawo zai iya shiga ɗakin da bai kai shi ba, a harba, matsi ya yi yawa, a jawo wa kai musiba. Na uku, wanda shi ne ainihin abin da masu saye ke tambaya, shi ne lambar ƙwayoyin da ke cikin kwanson. Nan ma lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya. Idan aka cire lambar daga 17, abin da ya rage shi ne faɗin ƙwayar a ma'aunin kashi ɗari na inci: lamba 4 tana da 0.13, lamba 5 tana da 0.12, lamba 6 tana da 0.11. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a oza ɗaya ta dalma ana samun ƙwayar lamba 4 kusan 135, ta lamba 5 kusan 170, ta lamba 6 kuwa kusan 225.

Da wannan guntun ilimi na sayar wa wani matashi kwalin geji 12 mai tsawon inci 3½, ƙwaya lamba 4, wato mafi girman ƙwayar da dokar Missouri ta yarda a yi farautar talo-talo da ita. Shekararsa ta farko ke nan, ya tambaye ni da girmamawa, ni kuma na amsa masa da tabbacin wanda ya shekara ashirin a daji. Mako guda bayan buɗe farauta a watan Afrilu ya dawo, ba da faɗa ba, sai da damuwa. Ya ce ya kira namiji ya zo har fili, ya harba, tsuntsun ya faɗi ya yi birgima, sannan ya miƙe ya shige kurmi yana jan ƙafa, ya yi awa biyu yana nema bai samu komai ba sai gashi. Ya kuma nuna mini kafaɗarsa da ta yi baƙi saboda shurin bindigar, ya ce tun a gwajin farko ya fara runtse ido kafin ya ja kunama.

Abokin aikina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, yana tsaye yana saurare. Bayan matashin ya tafi sai ya tambaye ni ina ake harbin talo-talo. Na ce a ƙirji. Ya girgiza kai, ya ce in zo filin gwajin bindiga ranar hutuna, in riƙo faffaɗan takardu da alƙalami.

Abin da ya bayyana mini a can shi ne tushen duk abin da na sani yanzu. Jikin talo-talo sulke ne: gashi mai kauri a kan gashi, ga manyan fukafukai da ke rufe haƙarƙari, ga tsokar ƙirji mai tauri. Ƙwaya takan shiga ta tsaya ba ta kai ga makasa ba, tsuntsu ya tafi da rauni ya mutu a ɓoye, ko kuma ƙyarkecin daji ya same shi. Mahalbi na ƙwarai kai da wuya yake nufa, daidai inda jar fatar wuya ta haɗu da gashi, kuma abin da zai kashe nan take shi ne ƙwaƙwalwa, wadda ba ta fi gyaɗa mai ɓawo girma ba da yawa, da ƙashin wuya mai kaurin yatsa. Wanda yake neman abu ƙarami haka daga nisan yadi 40, kimanin mita 36, yana bukatar abu biyu a lokaci guda: ƙwayoyi masu yawa da za su cika wurin ba tare da barin giɓi ba, da kuma nauyin da zai sa kowace ƙwaya ta fasa ƙashi idan ta isa. Babbar ƙwaya tana ba da na biyu ta rage na farko, ƙarama tana ba da na farko ta rage na biyu, kuma duk gardamar da mafarauta ke yi a kan lamba 4 da 5 da 6 a kan wannan ciniki take.

Muka kafa takarda a yadi 40, muka yi ɗigo a tsakiya, ya harba da irin harsashin da na sayar wa matashin. Daga nan ya zana da'ira mai faɗin inci 10 a inda hujin ya fi taruwa, ya ce in ƙirga. Ma'aunin da mafarauta da yawa ke bi shi ne a samu huji 100 a cikin wannan da'ira, ni kuwa ban kai 70 ba, kuma akwai wurare biyu ko uku da na aza tafin hannuna ban taɓa huji ko ɗaya ba. Ya ɗauko hoton kan talo-talo da aka zana a leda mai gani-har-hanji, ya ɗora a kan ɗaya daga cikin giɓin, kan ya zauna lafiya lau. Da muka sauya zuwa lamba 5 a kwanson inci 3, a bindigar nan dai, hujin ya haura 100 kuma ya bazu daidai kamar an yayyafa gero. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da na gwada harsashin nan na lamba 5 a bindigar wani da ya zo gwaji, sakamakon ya bambanta ƙwarai, domin kowace bindiga da irin maƙurar da aka ɗaura mata a baki don tattara ƙwayoyi, kuma kowace maƙura da irin harsashin da take so. Akwai wadda lamba 6 ce ke yi mata kyau, akwai wadda lamba 4 ce. Ba wanda zai iya faɗin wannan daga bayan kanta, kome daɗewarsa a sana'a.

Game da kwanson inci 3½, wanda kamfanonin Federal da Mossberg suka fito da shi a 1988, ba na cewa ba shi da amfani, amma a ganina an fi sayensa don burga. Ƙarin ƙwayoyin da yake ɗauka gaskiya ne, sai dai shurinsa a bindiga marar nauyi yana kusa da na bindigar harbin manyan namun daji, kuma mutumin da ke zaune a gindin bishiya, bayansa jingine da kututture, ba shi da inda zai kauce wa naushin. Wanda ya fara jin tsoron bindigarsa zai janye kai daga kanta a daidai lokacin harbi, kuma da yake maƙurar talo-talo tana haɗa ƙwayoyi wuri ɗaya, a yadi 15 faɗinsu bai fi na lemo ba da yawa, ƙaramin motsi ya isa a kuskure gaba ɗaya.

Ina tsakiyar gane wannan lissafi sai tangistin, wani ƙarfe mai tsananin nauyi, ya zo ya birkita shi. Dalma tana da nauyin kusan giram 11 a kowane ɗan curi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, baƙin ƙarfe bai kai 8 ba, ƙwayar tangistin da ake kira TSS kuwa 18 take. Mafarauta masu ɗura harsashi da hannunsu sun daɗe suna amfani da ita kafin Federal ya fara sayar da ita a kwali a 2018. Saboda wannan nauyi, ƙwayar TSS lamba 9, mai faɗin 0.08 na inci, tana huda kusan kamar dalma lamba 5, alhali oza ɗaya tana ɗauke da ƙwaya kusan 360. Da haka bindigogin da a da ake yi wa kallon na yara, geji 20 da ƙaramar nan mai siririn bututu da ake kira .410, suka zama na farautar talo-talo na sosai, har wasu jihohin suka gyara dokokinsu da suka hana ƙananan ƙwayoyi. Na ga dattawa masu ciwon kafaɗa da mata da 'yan shekara goma sha sun amfana da wannan sauyi. Tsadarsa ce matsala, domin harsashi ɗaya yana iya kai dala 10 ko fiye, abin da ke sa mutane su ƙi gwada shi a takarda, wato su tsallake matakin da ya fi kowane muhimmanci. Yana kuma ruɗin wasu su harba daga yadi 60 ko 70, nisan da ido kan yi kuskuren kintace da yadi goma, tsuntsu kuma yana iya ɗaga ƙafa kafin ƙwaya ta iso. Wanda zai tsaya a yadi 35 ba ya bukatar tangistin, dalma lamba 5 ko 6 ta ishe shi, in dai wurin da zai yi farautar bai hana dalma ba, domin akwai filayen gwamnati da suka hana, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta tun 2019.

Haramcin ƙwayar da ta fi lamba 4 girma da farko na ɗauka don tausayin tsuntsu ne, ashe har da tsaron mutane. Mafarauta suna sanye da tufafi masu kalar ganye, suna kwaikwayon kukan macen talo-talo, don haka yakan faru wani ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin tsuntsu, kuma babbar ƙwaya tana riƙe ƙarfinta zuwa nesa. Dalilin da ya sa ake gargaɗin kada a sa ja ko fari ko shuɗi ke nan, tunda su ne launukan kan namijin. Dattijon yakan haɗa wannan da tarihin tsuntsun a jihar: a farkon shekarun 1950 talo-talon daji bai kai 3,000 ba a faɗin Missouri, sai da aka riƙa kama shi da raga ana kai wa wasu dazuzzuka kafin a sake buɗe farauta a 1960, kuma wani ɓangare na kuɗin irin wannan aiki daga harajin kashi 11 cikin ɗari ne da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa aikin kula da namun daji. A wurinsa tsuntsun da aka raunata ya ɓace asara ce ta dukiyar da aka sha wuya kafin a dawo da ita. Ni kuma a wajena akwai ƙarin nauyi, domin mun taso ana koya mana cewa a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kuma ban ga bambanci tsakanin dusasshiyar wuƙa da harsashin da ba a gwada ba.

Tun daga wannan shekara na sauya yadda nake amsa tambayar. Nakan fara da tambayar mai saye gejin bindigarsa da tsawon da aka rubuta a bututu, da irin maƙurar da ke kai, da nisan da yake da niyyar harbi, da kuma ko ya taɓa ganin abin da bindigar ke yi a takarda. Idan bai taɓa ba, nakan ba shi shawarar ya ɗauki ƙananan kwalaye biyu, lamba 5 da lamba 6, ya gwada su a yadi 20 da 30 da 40, nisan da hujin ya gaza 100 kuma ya zama iyakarsa. Wasu sukan ji haushi, tunda amsa ɗaya suka zo nema, kuma mai kantin ya taɓa yi mini magana cewa ina ɓata lokaci a ranar cunkoso.

Matashin nan ya sake zuwa a watan Maris na shekara mai bi, na gane shi tun daga ƙofa, na kuma gaya masa cewa shawarar da na ba shi bara ba ta da tushe. Bai ja maganar ba. Ya zare wata naɗaɗɗiyar takarda daga hammatarsa ya shimfiɗa a kan kanta, da'irar inci 10 a tsakiya, ya bi kowane huji ya yi masa alama da jan biro, ya rubuta 118 a gefe tare da lambar ƙwayar da nisan. Ya ce lamba 6 ce a kwanson inci 3, a yadi 35, kuma a yadi 40 ta fara watsewa, don haka ya yanki sanda zai kafa a yadi 35 daga inda zai zauna. Kwali ɗaya ya saya.