Iskar da Ba ta Kai Guguwa ba

Na daɗe ina lura da cewa idan iska ta ɗan yi ƙarfi, masu ba da labarin yanayi kan gaggauta kiranta guguwa, alhali guguwa a bakin Bahaushe ita ce wadda ke murɗawa ta yi sama da ƙura da yayi, ko kuma wadda ke yaye rufin ɗaki. Tsakanin wannan da sassanyar iskar da ake shimfiɗa tabarma a sha da yamma, akwai wadda ake cewa iska mai matsakaicin ƙarfi, kuma a ganina ta cancanci a riƙa kiranta da sunanta.

Ma'aunin da ake auna ta da shi ya samo asali ne daga Francis Beaufort, hafsan sojan ruwan Birtaniya, wanda a 1805 ya tsara matakan iska domin amfanin jiragen ruwa, matakan da a yau suka kama daga 0 zuwa 12. Mataki na 4, wato kilomita 20 zuwa 28 a sa'a, shi ne matsakaicin, kuma alamarsa a tudu ita ce ƙura da takardu su tashi, ƙananan rassa su riƙa motsi. A mataki na 5, kilomita 29 zuwa 38, ƙananan bishiyoyi masu ganye kan fara rangaji. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin ya dogara ga abin da ido ke gani, ba lallai sai da na'ura ba.

Da ido ɗin nan kakata take aiki lokacin kaka, bayan an gama sussukar gero. Takan ɗebi ƙaiƙayi kaɗan ta saki, ta bi shi da kallo. In ya faɗo a gabanta, sai ta ce iska ta kwanta, a dakata. In ta ga ana neman kwashe mata har da tsaba, sai ta kife ƙwaryarta ta zauna. Amma idan ƙaiƙayin ya yi gefe a hankali, sai ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga ƙwarya sama da kai ta fara shiƙa, tsaba na zuba wuri guda.

Saboda haka nake roƙon masu fassara hasashen yanayi su bar wa guguwa sunanta, domin manomin da ya saba jin ana kiran iskar shiƙa guguwa ba zai tashi ya danne rufinsa ba ranar da aka sanar da ta gaske.