Wasiƙa daga Amurka: Layin da ba kowa ke iya jurewa ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu.

Ina rubuto muku ne daga Amurka game da yadda manyan wuraren wasa da shaƙatawa ke karɓar baƙi masu buƙata ta musamman. Tun da Shugaba George Bush babba ya sanya hannu kan dokar kare haƙƙin naƙasassu ranar 26 ga Yuli, 1990, samar da gangaren keken guragu da ban-ɗaki mai faɗi ya zama wajibi, kuma galibin wuraren sun cika wannan sharaɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne layi. Yaro mai lalurar galahanga (wato autism), wanda hayaniya da cunkoso ke rikita shi, ba zai iya tsayuwar awa guda a rana yana jiran hawa lilo ba, ko da kuwa ƙafafunsa lafiya lau suke. Don haka a 2013 kamfanin Disney, mai manyan wuraren wasa, ya ɓullo da tsarin da ake ba mutum lokacin dawowa, ya je ya huta a inuwa har lokacinsa ya yi, ba tare da ya tsallake kowa ba. A 2024 kamfanin ya taƙaita tsarin ga masu galahanga da makamantan lalurori, bisa hujjar cewa masu lafiya na amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma sai an tattauna da iyali kafin a amince. Na fahimci hujjar, amma yana damuna ƙwarai cewa mai ciwon da ido ba ya gani ne ke ɗaukar laifin maƙaryata, har sai ya bayyana sirrin jikinsa ga baƙo kafin a saurare shi.

Shi ya sa wurin wasa na Morgan's Wonderland da ke San Antoniyo a jihar Tekzas ya fi kwanta mini a rai. Gordon Hartman ne ya buɗe shi a 2010 saboda 'yarsa Morgan mai buƙata ta musamman, kuma tun daga tushe aka gina shi domin mai keken guragu ya hau abin wasa yana kan kekensa. Mai naƙasa ba ya biyan kuɗin shiga. A 2017 suka ƙara wurin wasan ruwa, inda ake ba da aron kekunan guragu da matsattsiyar iska ke tuƙawa maimakon batir, domin yaro ya shiga ruwan tare da 'yan uwansa.

Wassalam.